Yadda Ake Sabar Da Tauraron Teku Da Sabon Ruwa A Tankin Murjani

Da yawa daga cikin taurarin teku da ke mutuwa a tankin gida na ruwan gishiri, irin wanda ake kiwon murjani mai rai (coral) a ciki, tun ranar da aka kawo su aka kashe su, sai dai gawar ba ta bayyana sai bayan mako ɗaya zuwa uku. Dalilin yana cikin halittar dabbar. Ko da yake wasu na ce masa kifin tauraro, ba kifi ba ne. Kifi yana iya daidaita gishirin jikinsa idan na ruwa ya sauya, tauraro kuwa ba ya iyawa. Ruwan teku ne da kansa yake shiga jikinsa ta wani ɗan faifai mai ƙananan ƙofofi da ke gadon bayansa, ya bi jijiyoyi zuwa ɗaruruwan ƙananan ƙafafun da yake tafiya da su. Numfashi ma ta fata da ƙafafun yake yi. Idan ka ciro shi daga ruwa mai gishiri kashi 30 cikin 1000 ka tsoma shi a mai kashi 35 kai tsaye, ruwa zai fice daga naman jikinsa da gaggawa, naman ya lalace daga ciki. A ido lafiya lau za ka gan shi yana yawo a jikin gilashi. Bayan kwana goma sai bakin hannuwansa su fara fari suna narkewa.

Kayan aiki

Rifraktomita, wato ma'aunin gishiri mai tabarau da ake ɗiga wa ruwa a duba ta haske. Ma'aunin roba mai allura mai lilo ba abin dogaro ba ne a wannan aiki, kumfa ɗaya da ya maƙale a allurar ya isa ya ba ka lissafin ƙarya.
Ruwan saita rifraktomita mai kashi 35.
Siririn tiyon iska na tanki, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, da ɗan makunninsa.
Ƙaramar roba mai zurfi, mai cin lita 2 zuwa 3, da babban bokiti. Su zama sababbi, ko waɗanda sabulu da omo ba su taɓa shiga ba.
Ma'aunin zafin ruwa.
Kayan gwajin ammoniya da naitiret (nitrate), wato dattin da ke taruwa a ruwa daga kashin dabbobi da ragowar abinci, da na pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da na alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana pH faɗuwa.
Kofin roba mai faɗin baki, sirinji babba marar allura, ƙaramar tocila, tawul.
Ruwan gishiri lita 10 da aka haɗa tun jiya, ƙarfinsa da zafinsa daidai da na tanki.

Idan ba ka samu tiyon iska da makunni ba, je kemis ka sayi sabuwar robar ƙarin ruwa, ka cire allurar. Tana da ɗan gargare na rage gudu, kuma kana ganin ɗigon yana sauka kana ƙirgawa, har ta fi tiyon sauƙin sarrafawa. Idan tiyo kawai gare ka, ƙulla shi sako-sako, ka riƙa tsuke ƙullin har gudun ya dawo ɗigo. Idan ruwan saitawa ne babu, auna giram 3.65 na tsantsar gishirin girki a giram 96.35 na tataccen ruwa. Wannan haɗin zai nuna 35 a rifraktomita mai kyau, amma sai da sikelin da ke auna ƙasa da giram ɗaya, kuma na saiti ne kawai. Gishirin girki ba ya shiga tanki.

1. Duba tankin kafin ka sayi dabbar

Tankin ya kai aƙalla wata shida yana aiki, shekara ɗaya ta fi. Sabon tanki, ko ruwansa ya yi garau, duwatsunsa ba su tara abin da tauraro zai ci ba. Ga abin da gwaji ya kamata ya nuna, kuma ya zauna a haka mako da mako: gishiri kashi 35, wato 1.025 zuwa 1.026 a ɗaya ma'aunin da ke cikin rifraktomita, mai nuna nauyin ruwa, zafi digiri 24 zuwa 26, pH 8.1 zuwa 8.4, alkaliniti 8 zuwa 9 a ma'auninsa da ake kira dKH, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, ammoniya sifili, naitiret ƙasa da miligiram 10 a lita. Zaman lambobin wuri ɗaya ya fi dacewarsu muhimmanci. Tankin da kullum yake 1.024 ya fi wanda ke kai-komo tsakanin 1.023 da 1.027.

Jan ƙarfe guba ne ga tauraro, ko da kaɗan ne ƙwarai. Tankin da aka taɓa zuba wa maganin kifi mai jan ƙarfe, duwatsunsa da yashinsa suna shanye shi su riƙa sakinsa a hankali, don haka ba wurin tauraro ba ne. Haka kan famfo ko mahaɗin tiyo na tagulla. Ruwan rijiya, na burtsatse da na leda duk ba su dace da haɗa gishiri ba. Ruwan injin tacewa na RO/DI ake so, wato injin da ke cire duk abin da ya narke a ruwa, wanda ma'aunin TDS mai auna abin da ya narke a ruwa ke nuna sifili ko dab da shi.

Duba maƙwabta kuma. Kifi mai kumbura da dangin kifin da ake kira trigger suna gatsar hannun tauraro. Jatan landen nan mai ado, Hymenocera, ba shi da wani abinci sai tauraron teku. Manyan kaguwa ma ba a yarda da su ba. Sannan ka rufe bakin duk famfon da ke zuƙar ruwa da raga ko soso, domin tauraro ba ya gudu, idan hannunsa ya shiga ya shiga ke nan.

2. Zaɓi irin da zai rayu

Nan ne mai farawa ya fi yin asara, saboda ido yake bi.

Shuɗin tauraro, Linckia laevigata, na tekun Indiya da Pasifik, shi ne ya fi kowanne kyau, yana kuma cikin masu saurin mutuwa. Ba ya jure sufuri, kuma abincinsa siririn yauƙin ƙwayoyin halitta ne da ke kan duwatsu, ba ya dogara da abin da za ka ba shi da hannu. Ƙasa da tanki mai lita 400 cike da tsofaffin duwatsu, kada a fara. Ga mai koyo, shawara ita ce a bar shi a kanti.

Dangin Fromia, ƙananan ja ko ruwan lemo, irin su Fromia milleporella da Fromia monilis, ba sa taɓa murjani, kuma ƙanƙantarsu ta sa tanki mai lita 200 zai iya ɗaukar guda ɗaya. Su ma kiwon duwatsu suke yi, kuma da yawa suna ƙarewa da yunwa a hankali. Guda ɗaya tak, kada ka ce za ka yi masa aboki.

Mai tonon yashi, irin su Archaster typicus, ana sayar da shi a matsayin mai share tanki. Yana sharewa kam, har ya cinye duk ƙananan halittun da ke sa yashin ya rayu, sannan ya mutu a binne inda ba ka gani. Ƙaramin tanki ba ya ciyar da shi.

Masu ƙahonni a baya, Protoreaster nodosus da jan ɗan'uwansa Protoreaster linckii na gaɓar gabashin Afirka, suna da ƙwari kuma suna karɓar abinci da hannu. Amma suna cin murjani mai laushi, soson teku da katantanwa. Tankin kifi zalla ne wurinsu.

Wanda ya fi dacewa da mai farawa shi ne mai siraran hannuwa kamar wutsiyar maciji, irin su Ophiolepis superba da dangin Ophioderma. A ilimin halittu 'yan'uwan tauraro ne na kusa, ba ainihinsa ba, amma suna cin ragowar abinci, suna karɓar nama, suna shekaru a tanki. Banda koren nan babba, Ophiarachna incrassata, wanda ke kama ƙananan kifi da dare.

3. Bincika shi a wurin mai sayarwa

Jiki ya zama a cike, da tauri, launi bai ɗaya. Farin tabo, rami a fata, bakin hannu da ya yi kamar an gutsura, ko hannu da ya yi laƙwas, duk alamun a bari ne. Hannu guda gajere da ya warke sumul yana sake tsiro ba matsala ba ne. Ka sa a kifar da shi a cikin ruwa: mai lafiya zai fara murɗa hannuwa nan take, ya juya kansa cikin 'yan mintoci. Idan Linckia ne, leƙa ƙasan hannuwan, akwai wata ƙaramar katantanwa mai suna Thyca da ke maƙalewa tana tsotsarsa.

Tambayi kwana nawa ya yi a kantin. Wanda ya yi mako biyu yana nan garau ya tsallake girgizar farko. Sannan ka auna gishirin ruwan kantin da naka rifraktomitar. Masu sayarwa da yawa suna rage gishiri a tankunan kifi, kuma wannan lambar ce za ta gaya maka tsawon aikin da ke gabanka. A ɗaure shi a leda ba tare da an ɗaga shi sama da ruwa ba, ka sa ledar a kula don kada rana ta dafa ta a hanya.

4. Daidaita zafi

Kashe fitilar tanki. Ɗora ledar a kan ruwa a ɗaure, minti 15 zuwa 20. Kada ka buɗe, kada ka wuce haka da yawa.

5. Buɗe leda, auna, ka yi lissafi

Tsoma bakin ledar a cikin ƙaramar robar ka zame tauraron da ruwansa a hankali. Idan ruwan bai rufe shi ba, jingina robar a karkace da tawul. Idan ya manne da leda kada ka ja, ƙafafunsa za su tsinke. Yanke ledar ka bar shi ya sauka da kansa, ko ka riƙa kaɗa masa ruwa a gefe har ya saki.

Auna gishiri da ammoniya na ruwan ledar. Idan bambancin gishiri bai wuce kashi 1 ba, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. Idan ya kai kashi 4 ko 5, ka ware awa huɗu ko fiye.

Dabbar da ta kwana a hanya tana da wata matsalar daban. A cikin rufaffiyar leda, iskar da take fitarwa tana saukar da pH, wannan kuma yana riƙe ammoniyar da ta taru a siffar da ba ta da dafi sosai. Da ka buɗe, iskar ta fice, pH ya hau, ammoniyar ta koma guba. Wato tsawaita ɗigo a irin wannan ruwan ma kisa ne. Idan gwaji ya nuna ammoniya, hanyar da ta fi ita ce ka ɗebi ruwan da ka haɗa jiya, ka sirka shi da tataccen ruwa har gishirinsa da zafinsa su zo daidai da na ledar, ka maida tauraron ciki, sannan ka fara ɗigo daga nan. Idan ba hali, ɗiga maganin ɗaure ammoniya gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar kafin ka fara.

6. Ɗigo

Ajiye robar a ƙasa da tanki. Maƙale kan tiyon a cikin ruwan tanki, ka ja ruwan ta ɗaya bakin da sirinji. Kada ka zuƙa da baki, ruwan tankin murjani ba abin kai wa baki ba ne.

Ɗigo 20 kusan mililita ɗaya ne. Ɗigo 3 a daƙiƙa yana ba da wajen rabin lita a awa. Ka ce ruwan leda rabin lita ne a kashi 30, tankinka 35. Idan ruwan ya ninka, ya zama 32.5. Ka kwashe rabi ka zubar, ya sake ninkawa, 33.75. Zagaye na uku 34.4, na huɗu 34.7. Lura da abin da lissafin ke nunawa: tsalle mafi girma a zagayen farko yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne a saki ruwa da gudu tun farko, a zo ana lallaɓawa a ƙarshe lokacin da ba sauran bambanci. Akasin haka ake yi. Zagayen farko ɗigo 1 zuwa 2 a daƙiƙa, ko da zai ci awa biyu. Na biyu ɗigo 3. Daga na uku kana iya kai wa 4.

Rabin lita a roba yana hucewa ko ya ɗumama da sauri, musamman a ɗaki mai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Zaunar da robar a cikin babban bokiti mai ruwa mai zafin tanki, ka riƙa duba ma'auni duk rabin awa. Kada ka sa hita a ƙaramar roba, tauraron zai hau kanta ya ƙone. Rufe saman da tawul don duhu. Duk abin da tanki ya rasa, cike shi da ruwan gishirin da ka tanada.

Rifraktomita ce ke cewa an gama, ba agogo ba. Sai ruwan roba da na tanki sun nuna lamba ɗaya, ko bambancin bai kai rabin kashi ba.

7. Saka shi a tanki

Tura shi cikin kofi a ƙarƙashin ruwa, ka tsiyaye yawancin ruwan har ya rage abin da ya rufe shi kawai, ka nutsar da kofin a tanki ka kwantar da shi a gindin dutse. Bar shi ya fito da ƙafarsa. Akwai masu cewa ɗan taɓa iska na daƙiƙa biyu ba ya kashe tauraro, kuma gaskiya ne wasu ire-iren suna zama a gaɓa inda ruwa ke janyewa. Amma dabbar da ta sha wahalar tafiya ba a ƙara mata wata, tunda kofi bai fi ƙarfinka ba. Raga kuwa sam, tana kama ƙafafu da ƙayoyin fata. Idan dole ka taɓa shi, wanke hannu da ruwa zalla, ba sabulu, ba mai, ba turare.

Kada a yi masa wankan ruwa marar gishiri irin wanda ake yi wa kifi, kada a tsoma shi a maganin wanke murjani. Bar fitila a kashe har gobe.

8. Makonni ukun farko

Ba a canjin ruwa mai yawa, ba a sauya kamfanin gishiri, ba a gyara alkaliniti da gaggawa. Zai iya kwana biyu bai motsa sosai ba. Ka lura da inda yake da dare, ka duba da safe. Wanda ya sauya wuri yana lafiya. Mai wutsiyar maciji zai shige ƙarƙashin dutse, hannuwa kawai za ka riƙa gani, haka ɗabi'arsa take, sai da tocila bayan an kashe fitila za ka gan shi sosai.

9. Riƙe gishiri da zafi wuri ɗaya

Ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri yana nan. Tanki mai lita 200 da ya rasa lita 4 ya tashi daga 35 zuwa 35.7. Idan ka bari ya rasa lita 10, ya kai 36.8, ranar da ka juye lita 10 a tashi ɗaya kuma ka maimaita masa girgizar da ka ɓata awa huɗu kana kauce wa. Yi alama a gilashi, ka cike da tataccen ruwa marar gishiri kowace rana, safe da yamma idan hunturu ya busa, don busasshiyar iska tana shan ruwa fiye da yadda ake zato. Na'urar cikewa da kanta ta fi, idan akwai wutar da za ta riƙe ta.

A ƙasar Hausa zafin bazara ne babban abokin gaba. Ruwa ya haura digiri 28 ya daɗe a can, iskar da ke cikinsa ta ragu, tauraro na cikin masu fara jigata. Fanka da ke hura saman ruwa tana sauke digiri ɗaya zuwa biyu, amma tana ƙara ƙafewa, sai ka ƙara yawan cikewa. Gorar ƙanƙara a rufe tana taimakawa na ɗan lokaci, ba a jefa ƙanƙara tsirara. Idan an ɗauke wuta, motsin ruwa ne farkon abin ceto: famfon iska mai batir, ko a ɗora famfo ɗaya a kan inbata. Wanda ba shi da tabbacin wuta ta kwana, ya gyara wannan kafin ya sayi dabba.

Canjin ruwa kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu ya wadatar. Gishirin tanki yakan ci giram 38 zuwa 41 a lita kafin ya kai 35, gwargwadon kamfani. Haɗa shi a bokiti da famfo ya kwana, ka auna, sannan ka zuba a hankali nesa da inda tauraron yake. Ba a zuba garin gishiri a tanki.

10. Ciyarwa

Masu cin nama, wato mai wutsiyar maciji da masu ƙahonni, a ba su ɗanyen jatan lande ko naman kifin teku, yanka kamar ƙwayar wake, sau biyu a mako. Kada ya zama mai gishiri, kyafaffe ko soyayye. Ɗora shi da tsinke a bakin hannu. Mai wutsiya zai naɗe ya kai baki. Mai ƙahonni hawa kai yake yi, ya fito da tumbinsa waje ya narkar da abincin a nan, don haka idan ka ga wani abu kamar farar leda a ƙarƙashinsa, cin abinci yake, kada ka ɗaga shi. Abin da ba a ci ba bayan awa biyu, cire.

Fromia da Linckia kuwa tankin ne abincinsu. Kada ka goge gilashin baya, kada ka wanke duwatsu, kada ka cika tankin da wasu masu kiwon dutse. Duk wata, lokacin da ya manne a gilashin gaba, ɗora rula ka auna daga tsakiya zuwa bakin hannu mafi tsawo ka rubuta. Tauraro mai yunwa ƙanƙancewa yake yi, a hankali yadda ido ba ya kamawa. Idan awo ya ragu wata biyu a jere, ko hannuwa sun sirance, tankinka ba ya ƙosar da shi. Ƙara tsofaffin duwatsu masu rai, ko ka miƙa shi ga mai babban tanki tun yana da sauran ƙarfi.

11. Idan ya fara lalacewa

Farin tabo ko narkewar bakin hannu a makonnin farko, yawanci daga sufuri ne ko gaggawar sabarwa. Bayan watanni kuwa, ka zargi yunwa, tsallen gishiri, zafi, ko wani mai cizo. Fara da awo: gishiri da rifraktomitar da ka sake saitawa, zafi, ammoniya, pH. Abin da ya kauce, a dawo da shi cikin kwanaki, kada a gyara a awa ɗaya. Babu maganin kanti da za ka zuba ya tsayar da narkewa, kuma yawancin magungunan kifi ƙarasa shi za su yi.

Idan hannu ɗaya ne ya gutsure, tsakiyar jiki na da tauri, yana kuma tafiya, ƙyale shi a ruwa mai tsabta. Bakin raunin zai rufe, sabon hannu ya tsiro cikin watanni. Mai wutsiyar maciji ma da kansa yake yar da hannu idan ya tsorata. Idan lalacewar ta kai tsakiya, ko fata ta tsage kayan ciki na fita, ko an kifar da shi ya kasa juyawa, ba zai tashi ba. Kwashe shi da kofi a ranar, ka zuƙe gutsattsarin da tiyo, ka canza kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na ruwan da wanda gishirinsa ya zo daidai, ka sa sabon gawayin tacewa, sannan ka riƙa auna ammoniya kullum har kwana uku. Kada ka kawo wani sai ka gano lambar da ta kauce, tankin kuma ya yi wata guda cur a daidai.